Babi na Biyar: Girman Kan da Ke Toshe Kunne

Mene ne bambancin mutumin da ya san darajar kansa da mai girman kai? In kuma girman kai rawanin tsiya ne, kamar yadda Hausawa ke faɗa, me ya sa ake ganin masu shi da yawa suna tsufa cikin daula, tsiyar ko ƙofar gidansu ba ta leƙa ba? Ana wannan musu a tashar mota ta Kafanchan, ana yin sa a teburin mai shayi, amma inda yake da jarrabawa a ƙarshensa shi ne ajin adabin Turanci. Ɗalibin da ya karanta wasan kwaikwayon Ola Rotimi, The Gods Are Not to Blame, ko labarin Okonkwo a littafin Chinua Achebe na 1958, a sakandare ne ko a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, sai ya yi kiciɓis da wata kalma mai harafi shida: hubris. Malami ya rubuta ta a allo, ya ce ma'anarta girman kai da ya wuce kima, ɗalibai su kwafe.

Wannan amsa ta isa a ci maki biyu. Ba ta isa a gane dalilin da ya sa jaridun Ingila da Amurka ke jefa kalmar kan shugabanni da manyan kamfanoni ba, alhali ba sa jefa ta kan maƙwabcin da ba ya amsa gaisuwa.

Mari a gidan wasa

Turawan Ingila ma aro suka yi. Kalmar ta Girkawa ce, kuma sai a ƙarni na 19 ta samu wurin zama a Turanci. A wajen masu ita kuwa, da fari ba halin zuci ba ne. Laifi ne da ake kai ƙara a kansa.

A shekara ta 348 kafin haihuwar Almasihu, ana tsakiyar bikin shekara a birnin Atina, wani attajiri mai suna Midiyas ya kai wa Dimostinis hannu a fuska a gidan wasan kwaikwayo, gaban dubban jama'a. Dimostinis shi ne fitaccen mai iya magana na birnin, kuma a ranar yana cikin masu ɗaukar nauyin mawaƙan bikin. Bai karye ba, bai zubar da jini ba. Duk da haka ya rubuta doguwar takardar ƙara wadda har yau ake karantawa, kuma jigonta shi ne zafin dukan ba ya cikin naushin, yana cikin niyyar tozartawa. Wannan niyyar ce Girkawa ke kira hubris. Aristotil ya yi mata bayani da cewa mutum ya kunyata wani ba don ramuwa ko wata riba ba, sai don daɗin da yake ji na nuna ya fi shi. Dokar Atina ta ba kowane ɗan gari damar shigar da irin wannan ƙara ko da ba shi aka yi wa ba, kuma ta haɗa har da bayi cikin waɗanda ba a yarda a yi wa haka ba.

Da Bahaushe yana wurin, ba zai ce girman kai ba. Cin mutunci zai ce, ko cin zarafi, ko wulaƙanci. Mai gidan da ya kira direbansa gaban baƙi ya zage shi tas a kan abin da bai kai ya kawo ba, don dai baƙin su san wane ne shi, ya fi kusa da Midiyas fiye da duk wani mai tafiyar taƙama.

Sarkin da ya sa a yi wa teku bulala

Ma'anar da ta iso Turanci ta biyo wata hanya ce daban, ta labaran sarakuna. Wanda aka fi kawowa shi ne na Zaksis, sarkin Farisa, wanda masana da yawa ke ganin shi ne Ahasurus na littafin Esta, suna da masu zuwa coci a Kagoro ko Zonkwa suka sani sarai. A shekara ta 480 kafin haihuwar Almasihu ya tashi da runduna mai yawan gaske zai ci ƙasar Girka. Ya sa aka jera jiragen ruwa aka yi gada a mashigin tekun da ya raba Asiya da Turai, a ƙasar Turkiyya ta yau. Guguwa ta taso ta wargaza gadar. Marubucin tarihi Hirodotus ya ce sarkin ya ba da umarni a yi wa tekun bulala 300, a jefa masa mari na ƙarfe, a kuma sare kawunan maginan.

Aka sake gada, ya haye, ya ƙona Atina. Kafin shekarar ta fita jiragen yaƙinsa suka sha kashi a Salamis, ya juya gida. Shekara takwas bayan haka aka nuna wasan kwaikwayo a Atina kan wannan faɗuwa, kuma darasin da 'yan kallo suka tashi da shi shi ne ɗan Adam ya manta iyakarsa, ya ɗauka har ruwa da iska talakawansa ne.

Mutumin Kafanchan ba ya bukatar zuwa Girka kafin ya gane wannan hoto. Limami a masallacin Juma'a da fasto a ranar Lahadi suna da labari guda da suke bayarwa, kowa daga littafinsa: Fir'auna, wanda aka yi ta kawo masa gargaɗi yana ƙara taurin kai har ya bi mutane cikin teku. Haka ma ƙaton jarumin nan da Musulmi ke kira Jaluta, Kirista ke kira Goliyat, wanda ya raina yaro makiyayi. A labaran duka akwai abu uku a jere: ƙarfi na gaske, sai toshewar kunne, sai faɗuwa. In aka cire ɗaya, Bature mai kula da harshensa ba zai yi amfani da kalmar ba.

Inda ake jin ta yau

Kalma ce ta rubutu. Ana samun ta a sharhin jarida, a littafin tarihi, a bakin malamin jami'a. Ba a jin ta a faɗan miji da mata. Ba ta da jam'i, ba a yabo da ita, kuma da wuya mutum ya ɗora wa kansa ita sai in yana tuba bayan ɓarna ta auku. Nan ta bambanta da pride, wadda ke da fuska biyu, domin uwa na iya yin ta da ɗanta da ya gama karatu ba wanda zai zarge ta. Ta kuma bambanta da arrogance, wadda ke kallon yadda mutum ke mu'amala da jama'a ko da ba abin da zai same shi.

Galibi bayan abu ya lalace ake faɗin ta. Jirgin ruwan Titanic, da aka yi ta yayata cewa da wuya ya nutse, ya bar Ingila a Afrilun 1912 da kwale-kwalen ceto da ba su isa mutanen cikinsa ba, ya samu saƙonnin gargaɗi kan ƙanƙara bai rage gudu ba, fiye da mutum 1,500 suka halaka. Napoliyon ya shiga Rasha a 1812 da ɗaruruwan dubban sojoji, kaɗan ne suka dawo. Har masana tattalin arziki sun ɗauki kalmar: a 1986 Richard Roll ya yi amfani da ita wajen bayyana dalilin da ya sa shugabannin kamfanoni ke sayen wasu kamfanonin da tsadar da ta wuce hankali, don kowannensu ya yarda ya fi kasuwa gaba ɗaya sanin darajar abin.

Garin jirgin ƙasa kamar Kafanchan, wanda mahaɗar layukan dogo ta raya tun wajen 1927, yana da misalin da ya fi waɗannan sauƙi. Direban jirgin da ya shigo tasha bai ko kalli mai juya layi ba, balle ya amsa sannunsa, mai girman kai ne, amma zai iya yin ritaya lafiya. Direban da ya hango jar tuta ya ce shekara ashirin yana bin hanyar nan, yaron da ke ɗaga tutar bai san komai ba, ya ƙara wuta, shi ne mai hubris, ko da kuwa mutum ne mai fara'a da ke gaida kowa a unguwa.

Hausa ta rarraba kayan

Hausa ba ta da kalma guda da ta haɗa wannan duka, kuma ba talauci ba ne. Ta rarraba halin ne gida-gida.

Girman kai shi ne babban gida, kuma ma'auninsa na farko gaisuwa ce. Ɗan gari ya dawo daga Abuja hutun Kirsimeti ko na Sallah, ya tsaya a ƙofar gidan ƙanwar mahaifinsa, bai fito daga mota ba, ya sauke gilashi rabi ya ce, "Gwaggo, ya gida?" Ita kuwa ta amsa, "Lafiya lau, ɗana, a gaida mutanen birni." Ba ta ɗaga murya ba, amma kafin magariba unguwa ta yanke hukunci. Da ya fito ya rusuna ya ce, "Gwaggo, ina wuni, mun same ku lafiya?" da motar nan ta zama abin alfaharin dangi. Motar ɗaya ce. Abin da ya canja shi ne gwiwa.

Alfahari kuwa yakan zo da kyau: mutanen Jaba da Kachiya suna alfahari da cittarsu, Kagoro na alfahari da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu. In ya koma nuna dukiya don a ji haushi, ya zama fahariya. Taƙama tana cikin tafiya da sutura, kuma an yafe ta ga ango da mahayin dokin hawan Sallah. Cika baki da kuri na kafin aiki ne. Fankama ita ce ta mai hura hanci aljihu wayam. Sai kirari, wanda baƙo zai ɗauka ƙarshen girman kai ne, alhali al'ada ce ta ba maharbi da ɗan dambe izinin wasa kansu a fili, kowa kuma ya san iyakar filin. Ɗan damben da ya gama cewa shi guguwa ne, in ya fito zai durƙusa ya gaida tsohon da ya koya masa ɗaure hannu.

Akwai kuma jin kai, wanda ƙugiya ɗaya ce ta raba shi da jin ƙai. Masu rubutu a waya da ba su da harafin ƙ sun sha mayar da ma'aikatar jin ƙai ta tarayya, wadda aka kafa a 2019, ma'aikatar masu ɗaga hanci.

Cikin duka, waɗanda suka fi kusa da kalmar Girkawan su ne ɗagawa, wadda masu tafsiri ke yawan jinginawa ga Fir'auna, da wuce gona da iri. Malamai ma in suna wa'azi a kan girman kai ba sa tsayawa a kan kyan riga. Suna duba ko mutum na ture gaskiya don kawai wanda ya kawo ta bai kai ba a idonsa. Wannan shi ne toshewar kunnen da aka ambata.

Kan yumɓu a gonar doya

Misalin da ya fi dacewa da kalmar a wannan yanki ba na sarki ba ne, na masana ne.

A 1928, masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, ƙasar Ham kusa da Kwoi, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Aka ajiye shi a Jos ba wanda ya damu. A 1943 wani akawun ma'adinai a yankin Jama'a ya tsinci wani kan, na mutum, ya kai gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumi, ya yi ta korar masa tsuntsaye. Daga baya kan ya isa hannun Bernard Fagg, matashin jami'in mulki da ya karanta ilimin tono kayan tarihi, ya lura da kamarsa da na Nok. Daga nan aka fara gano cewa mutanen da suka zauna a waɗannan tsaunuka suna ƙera siffofi na gwaninta, suna kuma narka ƙarfe, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Almasihu. Aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken da masanan jami'ar Frankfurt suka soma a 2005 ya ƙara tura farkon wannan al'umma baya, zuwa wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Almasihu.

To, a 1963, shekara ashirin bayan kan gonar doya, babban farfesan tarihi na jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya tsaya a lacca da aka watsa a talabijin ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar, sai na Turawan da suka shiga cikinta, saura duhu ne. Lokacin Tarihin Kano ya shekara 55 da fita a Turanci. Kenneth Dike ya riga ya wallafa littafinsa kan cinikayya da siyasar yankin Neja Delta tun 1956. Kawunan Nok suna jere a Jos. Ba rashin hujja ne ya sa farfesan ya faɗi haka ba. Ya riga ya yanke cewa abin da bai shigo ta ƙofar da ya sani ba bai cancanci a duba shi ba.

A 1983 mujallar Stern ta Jamus ta sanar da cewa ta samu kundin sirri na Hitler, littafi wajen 60. Aka kira Trevor-Roper, wanda ya yi suna a kan tarihin kwanakin ƙarshe na Hitler, ya duba su na ɗan lokaci ya ce na gaske ne. Ya soma ja da baya cikin 'yan kwanaki, amma an riga an buga labarin. Gwajin takarda da tawada ya nuna na jabu ne, wani mai suna Konrad Kujau ya rubuta su. Sunan farfesan bai sake komawa yadda yake ba. Ba wanda zai ce Afirka ce ta kama shi, amma halin guda ne a wuri biyun: yarda da idonsa fiye da abin da bincike zai nuna.

Inda kalmar ba ta shiga

Ba kowace faɗuwa ce ke da girman kai a bayanta ba. A damunar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachiya, Jaba, Kagarko da Jama'a, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa da suka ci bashi suka tashi ba uwa ba riba. Mai son yin wa'azi da wahalar wasu zai ce sun cika dogara da citta. Amma mutumin da ya shuka abin da ubansa ya shuka, a ƙasar da ta saba bayarwa, bai ture gargaɗin kowa ba. Asara ce. Haka ma tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka ga tashar Kafanchan ta yi tsit bayan shekarun da take cike da fasinjan Fatakwal da Jos da Maiduguri; ba su ne suka yanke shawarar barin layin dogo ya lalace ba.

Wani wurin da ake zaluntar kalmar girman kai shi ne in na ƙasa ya ɗaga kai. A zamanin Turawa, Kagoro da Marwa da Jaba suna da sarakunansu, amma al'ummomi da yawa na kudancin Kaduna an sa su ƙarƙashin Zazzau ko Jama'a, kuma sun shafe shekaru suna neman masarautunsu kafin gwamnatin Ahmed Makarfi, wadda ta hau a 1999, ta ƙirƙiro da dama. A irin wannan takaddama kowane ɓangare na ganin girman kai a wajen ɗayan: wannan ya ce an raina sarauta mai tarihi, wancan ya ce an raina shi a ƙasar kakanninsa. Haka yake a gida, inda yarinyar da ta ce sai ta gama karatu kafin aure kan sha wannan suna. Kafin a yarda da zargin, yana da kyau a duba wa ke yin sa, da abin da zai samu in wanda ake zargin ya sunkuyar da kai.

Giyar mulki

David Owen likita ne kafin ya zama ministan harkokin wajen Birtaniya daga 1977 zuwa 1979. A 2007 ya fitar da littafi kan George Bush da Tony Blair da yaƙin Iraƙi, yana cewa daɗewa a kan mulki, musamman bayan an samu nasara, na iya canja halin mutum. A 2009 shi da likitan ƙwaƙwalwa Jonathan Davidson suka jera alamomi 14 bayan sun duba shugabannin Amurka da firaministocin Birtaniya na shekara 100. Daga ciki akwai shugaba ya daina bambanta kansa da ƙasa, ya raina shawara, ya yarda cewa tarihi ko Allah ne kaɗai zai yi masa hisabi ba majalisa ko kotu ba, ya kuma yanke hulɗa da abin da ke faruwa a ƙasa. Likitoci ba su sa abin cikin jerin cututtuka na hukuma ba, amma sunan da suka ba shi, ciwon hubris, ya bazu.

Ɗaya daga alamomin ba za ta yi aiki a nan ba. Owen na ganin shugaban da ke kiran kansa "mu" ya fara lalacewa, alhali a fadar Hausa haka sarki ke magana tun fil azal, kuma yaro mai ladabi "ku" yake ce wa babba. Sauran kuwa Bahaushe ya daɗe da yi musu suna: giyar mulki. Sunan ya ma fi na likitocin faɗin gaskiya, domin ya nuna abin sha ake yi a hankali, mai shan ba ya sanin lokacin da ya bugu, kuma yakan wartsake in aka ƙwace ƙoƙon. Duk wanda ya ga tsohon shugaban ƙaramar hukuma, wanda a da sai an cike takarda kafin a gan shi, yana bin layin ta'aziyya yana miƙa wa kowa hannu biyu, ya ga wartsakewar.

Sai dai giya ba ta zuba kanta. Kusa da kowane mai mulki akwai masu cewa "ranka ya daɗe, ai ba a taɓa irinka ba", masu tare mai kawo mummunan labari a zaure, masu amsa waƙa tun ba a gama rera ta ba. Babi na gaba zai shiga cikin waɗannan: maroƙa da fadawa na da, 'yan kore da sojojin baka na rediyo da Facebook na yanzu, da yadda ake gane yabon da ke sana'a daga shawarar da ke ceton mai gida.